Mai Kaza a Aljihu Ba Ya Jimirin As: A Dawo Mana da Wasan Kwaikwayon Shugabanni

Duk shekara idan aka fitar da jadawalin makon ɗalibai, kusan ka san abin da ke ciki tun kafin ka karanta. Akwai ƙwallon ƙafa tsakanin sassa, akwai ranar al'adu da kowa zai fito da kayan garinsu, akwai kacici-kacici, akwai liyafar dare, sannan a rufe da raba lambobin yabo ga manyan baƙin da ake sa ran za su ɗan taɓa aljihu. Abin da ba ka gani shi ne wasan kwaikwayo. In ma an sa shi, to ɗan minti goma ne tsakanin jawabi da jawabi: a nuna wani yaro ya sha ƙwaya ya haukace, a ce Allah ya shirya, a tafa, a wuce. Ban ce wannan laifi ba ne, amma ba shi nake nema ba.

Wanda nake nema shi ne wasan da ɗalibi zai hau dandamali ya zura babbar riga, ya cusa filo a ciki, ya karkata hula, ya kwaikwayi tafiyar shugaba da muryarsa da alkawuransa, alhali shi shugaban yana zaune a layin gaba yana kallo. Wasan da za a yi dariya har da hawaye, amma in an fito kowa ya san an faɗi wata magana da ta daɗe tana cin mutane a rai. Ra'ayina a taƙaice shi ne ƙungiyar ɗalibai ta ware wa irin wannan wasa dare guda cur, kuma waɗanda za a fara kwaikwaya su ne shugabannin ƙungiyar da kansu.

Na san tun kafin in kai ƙarshen wannan layi wani kwamared ya ɗaure fuska. Zai ce wannan rashin kunya ne, ba tarbiyyarmu ba ce, ɗabi'ar Turawa ce da mutanen Legas. To malam, mu fara daga nan.

Ba daga waje aka kawo mana ba

Wanda ya yi Hausa a sakandare zai tuna wasan gauta. A cikin fada ake yin sa, kuma matan gidan sarki ne 'yan wasan. Ɗaya ta yi shigar sarki, sauran su zama waziri da alƙali da hakimai da dogarai, a yi zaman fada, a kawo ƙara, a yanke hukunci, duk a gaban sarkin gaske. In mai saurin fushi ne, ranar zai ga fushinsa da idonsa. In akwai bafaden da sai an ba shi na goro yake shigar da mutum, shi ma zai ga kansa. Ba mai iya durƙusawa gaban sarki ya ce ranka ya daɗe ga halinka, don haka sai aka buɗe wa maganar wata ƙofa da za ta shiga ba tare da an fille kan kowa ba.

A ƙauyuka kuma akwai kalankuwa. Bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata sukan kafa tasu gwamnatin ta 'yan kwanaki, da sarkinsu da alƙalinsu da 'yan sandansu, su yi shari'a, su ci tara, manyan gari na kallo. Ƙauyen Bomo da ke kusa da Samaru a Zariya ya yi suna da wannan biki. In ka tsallaka Nijar, a Damagaram, za ka ji labarin wasan kara, inda ake ƙera bindiga da kyamara da abin magana da karan dawa, wani ya zama shugaban ƙasa, wani minista, wani babban hafsan soja, a kwaikwayi ziyarar manya har da faretin girmamawa da dogon jawabi.

Tashe kuwa ba sai na ba kowa labari ba. Daga goma ga azumi, mu da ke zaune a Kurmin Mashi mun san da an sha ruwa za a fara jin gwangwani a lungu. Yaro zai manna auduga a haɓa ya zama tsoho, wani ya zama mai maganin da babu cutar da ba ya warkarwa, wani ya zama malamin da ake tuhuma da abin da yake ta musantawa. Ga 'yan kama da ke ɗaukar salon manyan mawaƙa da na masu karatu su mayar da komai zancen tuwo da miya. Ga wawan sarki, wanda shi kaɗai ne a fada bakinsa ba shi da linzami.

Abin lura a nan, al'ummar da ta fi kowa koyar da girmama na gaba, ita ce kuma ta ware lokaci da wuri inda ƙarami zai kwaikwayi babba a bainar jama'a. Kakanninmu ba su ga karo tsakanin abubuwan nan biyu ba. Sun san tukunyar da aka toshe ko'ina, ranar da za ta fashe ba wanda zai ji daɗi.

Garin nan ma yana da nasa tarihin

A 1938 aka dawo da Kwalejin Katsina nan Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya kuma yau muke kira Barewa. Cikin ɗaliban da ke karatu a lokacin akwai wani saurayi ɗan Kano da aka haifa a 1920, mai suna Aminu. Kafin ya zama Malam Aminu Kano na NEPU, kafin ya hau kowane mumbarin siyasa, da wasan kwaikwayo ya fara. Ya rubuta wanda ya sa wa suna "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?", kan yadda 'yan kasuwar birni ke damfarar mutanen ƙauye. Ya rubuta "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya", wanda ya taɓo zaluncin da ake yi wa talaka wajen karɓar haraji. A zamanin Turawa fa ke nan da En'e, lokacin da ɗaga ido ka kalli hakimi ma abin magana ne. Kuma shekarunsa a lokacin ba su wuce na ɗan ND ba. Ku duba da kyau, 'yan uwa: ɗalibi ne kamar ni da kai, a cikin garin nan, ba shi da waya, ba shi da mabiya dubu ɗari, sai abokan ajinsa da ɗan filin makaranta.

Bayansa, wasannin Shu'aibu Maƙarfi irin su "Zamanin Nan Namu" da "Jatau Na Kyallu" sun bi ta rediyo a Kaduna kafin su zama littattafan da aka karanta a makarantu. Sai kuma wanda iyayenmu ba sa mantawa, marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a nan Kaduna a watan Nuwamban 2023. Tsohon soja ne, kuma a tsakiyar mulkin soja ya riƙa fitowa a talabijin da rediyo yana nuna rayuwar bariki da Hausarsa ta sojoji: tsawa, burga, tsoron na sama da danne na ƙasa. Farar hula suna dariya, sojojin ma suna dariya, domin sun san ba ƙarya ya yi ba. Mu da bariki ba nisa da unguwarmu mun san irin kwarjinin kaki, don haka mun san abin da mutumin nan ya yi ba ƙaramin abu ba ne.

A Jami'ar Ahmadu Bello kuma, a ƙarshen shekarun 1970, malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo suka bar ɗakin wasa suka shiga ƙauyukan ƙasar Zazzau. Wasan Manoma da suka yi ya zo ne a lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta yekuwar shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. Sukan zauna da manoma su ji kukansu kan taki da rance da jami'an da ke tsakiya, su haɗa wasa da Hausa, su dawo su nuna a dandalin ƙauyen, sannan a zauna a tattauna. Tafiyar sa'a guda ce daga nan zuwa Zariya. Ba wata duniya ba ce.

Ai muna da TikTok, me za mu yi da dandamali?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma tana da ƙarfi. Gaskiya ne barkwancin siyasa bai mutu ba, ya koma waya ne. Kowannenmu yana da waɗanda yake bi, kuma wasunsu wallahi gwanaye ne. Amma akwai abubuwa uku da waya ba ta ba mu.

Na farko, a waya kowa shi kaɗai yake dariya. Kana kwance a ɗakinka na haya, ba wuta, ka ga an kwaikwayi wani mai girma, ka yi murmushi, ka tura wa mutum biyu, ka wuce zuwa bidiyo na gaba. A ɗakin taro kuwa, in mutum ɗari biyar suka fashe da dariya lokaci guda kan wata magana, kowa zai waiga ya gane ashe ba ni kaɗai nake ganin abin nan ba. Wannan dariyar wata irin ƙuri'a ce, kuma ba a sayenta da taliya ko atamfa. Shugaban da ke zaune a wurin zai ji ta a jikinsa fiye da takardar koke guda goma.

Na biyu, a waya ɗan wasa shi kaɗai yake tsayawa in abu ya ɓaci. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Dubban da suka yi dariya da bidiyon ba wanda ya karɓi bulala ko ɗaya. Kafin su, a 2008, an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a Kano, a zamanin da hukumar tace finafinai ta jihar ke kama 'yan fim. Wasan dandamali kuwa aikin taro ne: akwai marubuta, akwai 'yan wasa, akwai ƙungiyar da ta ɗauki nauyi, akwai malamin da ya duba, akwai izinin da aka nema a rubuce. Nauyin ba ya kan mutum ɗaya.

Na uku, bidiyon daƙiƙa talatin ba ya iya ɗaukar labari. Abin da ya fi saurin yaɗuwa shi ne zagi da kwaikwayon yadda mutum ke ɗingishi ko in'ina. Wasan minti arba'in kuwa yana da sararin nuna yadda abu ke faruwa: wa ya karɓa, wa ya miƙa, wa ya gani ya yi shiru, wa ya tafa.

Ba ina cewa dandamali ba shi da haɗari ba ne. Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarbawa, ya yi wasa kan harbin da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi wa masu haƙar kwal a Inugu a 1949, inda mutum 21 suka mutu. Da ya kawo wasan Kano a 1951, hukuma ta hana shi. A 1964 ya nuna "Yoruba Ronu" a Ibadan, Firimiya Samuel Ladoke Akintola na zaune a wurin. Da Firimiyan ya gane inda labarin ya dosa sai ya tashi ya fita, aka kuma haramta wa Ogunde wasa a duk Jihar Yamma har zuwa 1966. Amma ka tambayi kanka: me ya sa mai mulki da 'yan sanda da gidan rediyo zai ji tsoron mutum da ganga da 'yan rawa? Don abin yana aiki ne. Ba a hana abin da ba ya cizo.

Yadda irin wannan wasa yake kama mutum

Akwai bambanci tsakanin wa'azi da wasan barkwanci. Mai wa'azi zai ce cin hanci haramun ne, kowa ya gyaɗa kai, har shi mai karɓar. Mai barkwanci kuwa ba ya cewa komai. Yakan ɗauki ƙarya guda ɗaya ya sake ta a fili, ya bar ta ta haifi 'ya'ya. A yi ƙarya ta biyu don a rufe ta farko, a yi ta uku don a rufe ta biyu, ana ta sauri, wannan ya shigo ta nan wancan ya ɓuya ta can, har ginin ya rufto a kan masu shi. 'Yan kallo sun san gaskiya tun farko, shi ya sa suke dariya.

Wani marubucin Rasha, Nikolai Gogol, ya yi irin wannan a 1836. A wani ƙaramin gari aka samu labari cewa sufeton gwamnati zai zo a ɓoye. Sai manyan garin suka ɗauka wani matashin ma'aikaci da kuɗinsa ya ƙare a masauki shi ne sufeton. Magajin gari da alƙali da mai kula da asibiti da shugaban gidan waya kowa ya riƙa zuwa yana cusa masa kuɗi yana kai ƙarar ɗan uwansa. Yaro ya kwashe ya gudu, sannan aka ce ga sufeton gaske ya iso. Sarkin Rasha na lokacin, Nikolas na Ɗaya, yana cikin waɗanda suka kalli wasan a daren farko. Femi Osofisan ya ɗauko wannan labari ya mayar da shi na wata ƙaramar hukuma a Nijeriya, ya zauna daram kamar don mu aka rubuta.

A Italiya kuma, a ƙarshen 1969, wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Giuseppe Pinelli ya faɗo daga tagar hawa na huɗu na hedikwatar 'yan sandan Milan lokacin da ake masa tambayoyi, ya mutu. Bayanan hukuma suka riƙa cin karo da juna. Shekara na zagayowa Dario Fo ya fito da wasa inda wani mai taɓin hankali ya shiga ofishin ya ce shi alƙali ne da aka turo sake bincike, ya ce zai taimaka wa 'yan sandan su gyara labarinsu. Garin gyarawa suka tona kansu. Mutane suna dariya, amma kan gawa ake magana. A 1997 aka ba Fo kyautar Nobel.

To mu fa, muna da ƙarancin labari ne? Ga ɗaya kyauta ga duk mai so. A wata unguwa da ba ta da suna, mai girma kansila zai ƙaddamar da rijiyar burtsatse, amma rijiyar ba ta taɓa kawo ruwa ba. Sai yaransa suka yi hayar 'yan garuwa suka cika tankin cikin dare, bashi. Gari ya waye, an kafa rumfa, an zo da maroƙi da mai hoto. Mai girma ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi guɗa, sai mai hoto ya ce batirinsa ya mutu a sake. Kafin a sake, mata sun riga sun jera bokitai sun kwashe ruwan. Ana tsakiyar jawabi kan romon dimokuraɗiyya sai ga 'yan garuwa sun zo karɓar kuɗinsu, sai yaran kansila suka gabatar da su a matsayin injiniyoyin da suka yi aikin, aka miƙa wa babbansu abin magana ya yi wa jama'a bayanin fasahar da aka yi amfani da ita. Ka ci gaba da kanka daga nan. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba a zagi uban kowa ba. Wanda ya ji haushi, shi ya san abin da ke aljihunsa.

Kuma 'yan wasa ba su yi mana ƙaranci ba. Duk wanda ke zama teburin mai shayi a Kurmin Mashi, ko ya taɓa jiran gyara a garejin makanikai da ke gefen baifas, ya san akwai mutanen da in suka kwaikwayi muryar ɗan siyasa sai ka waiga ka duba ko shi ne ya zo. A hostel ma haka: kowane ɓangare yana da wanda ya iya tafiyar kowane lakcara. Baiwar tana nan, a warwatse take, kuma tana ƙarewa a inda aka yi ta.

Ga masu cewa a'a

Akwai masu cewa addini ya hana izgili da cin naman mutane. Haka ne, kuma Suratul Hujurat ta yi magana a kai ƙarara. Ina tare da su ɗari bisa ɗari in ana maganar yi wa mutum dariya don gajartarsa ko launinsa ko lalurarsa, ko tona asirin gidansa, ko jifansa da abin da bai yi ba. Amma kuɗin ƙungiya da kowane ɗalibi ya biya lokacin rajista ba sirrin gidan kowa ba ne. Alkawarin da aka ɗauka da lasifika a gaban jama'a ba sirri ba ne. Wanda ya nemi amanar mutane ya yarda a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Kujera za mu kwaikwaya da abin da ake yi a kanta, mu bar halittar Allah.

Akwai masu cewa Kaduna gari ne mai wuyar sha'ani, ƙaramar magana takan zama babba. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya girma a garin nan ya san dalilin da ya sa ake maganar wannan tsallake da wancan tsallaken kogi. Don haka ne ma nake cewa layin ya fito fili tun farko: ba addinin kowa, ba ƙabilar kowa, ba kwaikwayon harshen wani don a rena shi. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan ya ishe mu shekara goma. Rashin ruwa ba ya tambayar sunanka. Kuɗin haya da na keke da na handawut iri ɗaya suke cizon ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha. In akwai abin da zai zaunar da mu a benci ɗaya muna dariya tare, to wannan ne. Ko tashe da 'yan sandan Kano suka sha dakatarwa a 'yan shekarun nan, 'yan daba ne suka jawo masa, ba wasan ba. Darasin shi ne a tsara abu da kyau a tsare shi.

Akwai masu cewa dariya ba ta gyara famfo. Gaskiya ne, wasan kwaikwayo bai taɓa haƙa rijiya ba. Abin da yake yi shi ne ya cire wa shugaba rigar kwarjinin da yake ɓuya a ciki, ya kuma cire wa na ƙasa tsoron tambaya. Wanda ya yi dariya da kansilan cikin wasa yau, gobe bakinsa zai fi saurin buɗewa a taron majalisar ɗalibai ya ce a karanto mana lissafi.

Sai masu tsoro, kuma ban raina tsoronsu ba. Ba wanda iyayensa suka turo shi karatu don ya koma gida da takardar kora. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayi, kuma tun 1983, a shari'ar Arthur Nwankwo da ya rubuta littafi yana sukar gwamnan Anambra Jim Nwobodo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar tunzura jama'a da muka gada daga Turawa ba ta dace da wannan 'yanci ba. Amma ɓata suna har yanzu laifi ne, kuma ko a ɗakin taro wani zai ɗaga waya ya ɗauka. Saboda haka duk abin da za a faɗa a dandamali ya zama wanda za a iya tsayawa a kansa da rana tsaka.

Abin da nake roƙo

Ga shugaban ƙungiya da daraktan walwala da sauran kwamared-kwamared, buƙatata ba ta da tsada. A ware dare ɗaya a makon ɗalibai. Kowane sashe ya kawo wasa na minti goma sha biyar zuwa ashirin, da Hausa ko Turanci ko broka ko gaurayensu, yadda muke magana a zahiri. 'Yan injiniya su haɗa fitila da sauti, 'yan zane da ɗinki su yi kaya da fage, 'yan koyon aikin jarida su yi sanarwa. Mu ɗaliban koyon aikin hannu ne, ba sai mun yi hayar kowa ba.

A kafa ɗan kwamiti na ɗalibai da malami ɗaya ko biyu da zai duba wasannin, aikinsa kawai ya tabbatar ba a taɓa addini da ƙabila ba, ba a kama sunan kowa an jingina masa laifi ba. Ba aikinsa ba ne ya cire abin da zai sosa wa shugabanni rai, kuma kada wani mai riƙe da muƙami a ƙungiya ya zauna a cikinsa. Kada a karɓi ko sisin ɗan siyasa don wannan dare, domin wanda ya saya maka riga shi zai gaya maka wanda za ka kwaikwaya da ita. Ranar da aka fara haka, mun zama 'yan amshin shata masu ban dariya kawai.

Sannan shugabannin ƙungiya su zauna a layin gaba, a kuma ba su minti biyar a ƙarshe su mayar da martani, in sun iya da wasa su rama. Shugaban da ya zauna aka kwaikwaye shi ya yi dariya ya tafa, wallahi ya fi ƙaruwa a idon ɗalibai fiye da wanda ya buga fosta ɗari. Kuma mu tuna, daga cikin masu riƙe da ƙungiyoyin ɗalibai na yau ne ake samun kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisar gobe. Wanda bai koyi jure dariyar abokan karatunsa yana ɗan shekara ashirin da biyu ba, in ya samu jiniya da 'yan sanda, shi ne zai sa a kamo yaro saboda bidiyo.

In abin ya yi kyau, kada ya tsaya a cikin makaranta. Wasan da ya fi kowanne a ɗauke shi a kai unguwannin da muke haya, Kurmin Mashi da Badiko da Unguwar Sanusi, a nemi izinin mai unguwa, a samu filin firamare da yamma bayan la'asar, a gayyaci dattawa da 'yan kasuwa da makanikai, har da kansila in zai zo. Mutanen nan suna ganinmu kullum da jaka muna wucewa, abin da ke haɗa mu da su bai wuce kuɗin haya da cefane ba. Lokaci ya yi da za mu kai musu wani abu, mu kuma ji abin da za su ce bayan an gama.

Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Ina jiran jadawalin bana, kuma in an buɗe rajistar 'yan wasa, a rubuta sunana a layin masu neman fitowa a babban ɗan garuwa.